Bindiga a mota, ɗan sanda ya tare ka a Amurka

Ga abin da na tattaro daga maganganunku kan abin da ya kamata ka yi in ɗan sanda ya tare ka kana da bindiga a mota:

1. Kowa ya yarda: kashe mota, sauke gilashi, hannaye bisa sitiyari. Kada ka kai hannu aljihu sai ya ce ka ɗauko lasisi.
2. Kowace jiha da dokarta. A Mishigan dole mai izinin ɗaukar bindiga ya faɗa nan take cewa yana ɗauke da ƙaramar bindiga. A Ohayo, tun 2022, sai an tambaye shi. Izinin Tekzas ba ya aiki a Niyok.
3. In za ka ratsa jihohi, cire harsashi, kulle bindigar a but.

Inda aka rabu: wasu sun ce ka faɗa wa ɗan sandan kana da bindiga ko doka ba ta tilasta ba, kada ya hango ta ya firgita. Wasu sun ce shiru haƙƙinka ne. Ni dai na fi karkata ga na farkon.