Gizaka ta hana mu zama ƙarƙashin mangwaro, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman masu lambu da malaman gona. Tun da damina ta kankama gizaka ta mamaye mangwaron da ke tsakar gidanmu, yanzu har ta tsallaka kan gwaiba. Da rana sai su taru cunkus a jikin kututture, can wajen da babu rana, da magariba su hau su kwana suna cin ganye. Da safe ƙasa duk kashinsu ne, baƙi-baƙi.

Cin ganyen ma da sauƙi. Gashinta ne bala'in. Iska na kwaso shi ta zuba kan shanya, yaro ya sa riga jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, ya kwana yana susa yana kuka. Ko fatar da suka saɓe ka taɓa, ƙaiƙayin ɗaya ne.

Na barbaɗa toka a gindin, na fesa ruwan ganyen dalbejiya da sabulu, na babbake na jikin kututturen da wutar kara. Su ragu, wasu su sauko, don feshina ba ya kai rassan sama.

An ce in sa fiya-fiya, amma raina bai kwanta ba: ga rijiya kusa, ga kaji da awaki, yara kuma ba sa jiran gwaiba ta nuna.

Shin 'ya'yan dalbejiya da aka daka sun fi ganyen ƙarfi, kuma yaya ake haɗin? Maganin Bt, wato wanda ake yi da wata ƙwayar bakteriya da ke kashe tsutsa amma ba ta cutar da dabbobi, ana samunsa a shagunan kayan noma na Kano? In na sassabe rassan yanzu, mangwaron zai yi fure bana? Sare shi dai ba zan iya ba, mahaifina ne ya dasa. Allah ya saka da alheri.