Wai tsohuwar bindiga ba ta tsufa?

Garba Agege: Salamu alaikum jama'a. Ina da magana, na kuma san za ta jawo musu. Bindigar farautar Baba, Brno ce ƙirar Cekoslobakiya, ZKK 600, mai sakata, harsashin .270 take ci. Tun yana aiki a Jos ya saye ta da lasisinsa. Shekara 11 ke nan tana bayan kabad naɗe cikin bargo. Yanzu yanar ido ta hana shi komai, ya ce in san yadda zan yi da ita. Jiya wani abokina ya ce ƙarfen banza ce, ta riga ta mutu. Na ce masa bindiga irin wannan ba ta tsufa, mai ita ne ke tsufa. A goge katakon, a shafa fenti, a ɗora mata madubin saiti, ta fi duk wata sabuwa da ake ƙerawa yau. Wa ke da ja?

Baba Sajan: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Alhaji lafiya. Ɗana, rabin maganarka gaskiya ce. Wannan bindigar jikar Mauser ce, bindigar Jamus ta 1898, tana da ƙugiyar nan babba da ke cafke gindin kwanso tun yana fitowa daga gidan harsashi, ba ta sakinsa sai ta wurgar da shi waje. Kuma harbi ba ya saurin kashe bututu, sai an yi dubbai. Maharbin da ke sakin harsashi 20 a shekara, in ya yi shekara 40 yana farauta 800 kawai ya harba. Ina tsufan yake?

Nura Idi-Araba: Ni ke da ja, Yaya Garba. Baba Sajan, a gafarce ni, amma son tsohon kaya ne kawai ke damun mu. Yau injin kwamfuta ke yanka ƙarfe. Kamfanin Tikka na Finland har alkawari yake yi cewa harbi uku za su taru cikin faɗin inci ɗaya a nisan yadi 100, daga kwali, ba tare da an taɓa komai ba. Wace tsohuwa ce za ta rantse maka da haka?

Baba Sajan: Kai yaro, gada ba takarda ba ce. Wa ya taɓa auna ƙirjinta da rula?

Nura Idi-Araba: To Baba, mu bar takarda. Kalmar da ta tayar min da hankali a saƙon Yaya Garba ita ce bargo. Shekara 11 cikin bargo, a Legas! Da a Katsina ne sai in yi shiru. Nan garin makullin ƙofa ma tsatsa yake yi a damina ɗaya, takalmin da ka ajiye ƙarƙashin gado ka ciro shi ya yi furfura. Iska jiƙe take, ga gishirin teku, shi kuwa bargo shan laima yake ya riƙe ta a jikin ƙarfe dare da rana. Da ma tsirara aka jingine ta da ɗan mai a jiki, da ya fi.

Baba Sajan: Nan kam ka yi gaskiya, ba zan ƙi ba. Lokacin da muke riƙe da Mak-fo, wato Lee-Enfield mai cin .303, abin da ake fara koya wa kurtu ke nan. Tsohon harsashin soja yana barin wani gishiri a cikin bututu, mai ba ya wanke shi, sai tafasasshen ruwa. A zuba ta baya ya fita ta baki, ƙarfen ya yi zafi ya bushe da kansa, sannan a bi da tsumma da mai. Wanda ya yi kasala, kwana biyu sai ka leƙa ka ga ciki ya yi ja kamar an barbaɗa barkono. Na ga bindigar da waje take ƙyalli kamar amarya, ciki kuwa rami-rami kamar hanyar Apapa kafin a gyara ta.

Garba Agege: Amma ta waje lafiyarta lau, wallahi. Ɗan ƙwarzane ne kawai a ƙota.

Malam Isa Mile 12: Garba, ai mai sayen saniya ba ƙaho yake dubawa ba, baki yake buɗewa. Na yi shekaru ina bin ƙanen mahaifina farauta a dajin Ningi, bari in faɗa maka inda masu ido ke kallo. Da farko a tabbatar babu komai a cikinta, a duba da ido a kuma taɓa da yatsa. A zare sakatar gaba ɗaya, a nufi taga da bakin, a leƙa ta baya. Murɗaɗɗen zanen nan da ke juya harsashi, in gefensa na da kaifi kuma ciki na haske, tana da rai. In ka ga duhu da tabo-tabo, tsatsa ta ci ƙarfe, shi kuwa ƙarfen da tsatsa ta ci ba ya dawowa ko za ka ƙarar da man duniya. Sai leɓen bakin, nan ne harsashi ke yin sallama da bindiga, ɗan tsaguwa kamar ƙwayar gero a wurin ya isa ya karkatar da shi. Sai katako, a duba bayan inda ƙarfe ya zauna ko ya tsage. Katako ma numfashi yake, ya kumbura da damina ya danne bututu, bindigar da aka saita da hunturu a Jos sai ta riƙa bugun wani wuri dabam a watan Yuni a nan. Akwai kuma awon tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da mazaunin harsashi. Wannan ba aikin ido ba ne, da ma'auni ake yinsa, kuma in ya yi yawa kwanso na iya fashewa a gaban fuskar mutum.

Nura Idi-Araba: Kun ji ko? Duk cikin abin da Malam ya lissafa babu fenti.

Malam Isa Mile 12: Kada ka yi saurin murna, Nura. In cikinta ya fita lafiya, ina bayan Baba Sajan. Kuma Garba, ita ZKK an yanka mata mazaunin madubi a jikinta tun daga masana'anta, kada wani mai walda ya ce zai huda maka ita.

Barista Hadi: Na bar ku kun sha musu, amma duk kun tsallake ƙofa kun shiga ta taga. Garba, kafin a tambayi ko bindigar ta tsufa, a tambayi ta wa ce. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, a ciki har da masu cin .303 da 7.62, wato Mak-fon Baba Sajan ma tana nan. Akwai na amfanin kai, irin bindigar farauta mai cin wani harsashi ban da waɗancan, lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake, nan ta Alhaji ta faɗa. Sai na ɗuri ta baki, irin harba-ka-ruga, Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da iko a kan maganarsu. Lasisi kuwa na mutum ne, ba na gida ba. Ba a kyautarsa, ba a gadonsa. Ko mai shi ya rasu, kwana 14 kacal doka ta yarje wa magada su riƙe bindigar. Gyara ma ba kowane maƙeri ke da izinin yi ba. Ka kuma tuna a watan Agusta 2023 shugaban 'yan sanda na ƙasa na wancan lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Abokin nan naka da ya ce ta mutu, in gobe ya dawo ya ce zai saya a matsayin ƙarfen banza, ka rufe masa ƙofa.

Garba Agege: Barista, yanzu kayan ubana ma sai na nemi izini?

Barista Hadi: Sosai kuwa. Kuma dokar ta hana ba da lasisi ga mai larurar ido, don haka shi kansa Alhaji sabuntawar tasa da magana. Ku nemo takardunsa, ku je hedikwatar 'yan sanda ta Ikeja, a ajiye ta a ma'ajiyar makamai a ba ku rasit. Kada ka saka ta a but ɗin mota kai kaɗai, ku fara zuwa da takarda su faɗa muku yadda za a kawo ta.

Malam Isa Mile 12: Ku ji maganar Barista. Ba mu manta da Uromi ba, watan Maris 2025, mafarauta 16 daga Fatakwal za su Kano hutun salla, bindigogin toka aka gani a motarsu, aka taru aka kashe su. Allah ya jiƙansu.

Baba Sajan: Amin ya Rabbi.

Nura Idi-Araba: Amin. Ni tambayata ma, ko an ba ka lasisin, ina za ka harba ta? Harsashin .270 na fita da gudun sama da mita 900 a daƙiƙa, in bai sami abin da ya tare shi ba sai ya wuce kilomita uku. A dajin Epe ba ka hango taku talatin a gabanka, bayan kowane kurmi akwai gonar rogo ko mai saran kwakwa. Shi ya sa maharban can ba sa wuce mai baki biyu da tarko. Wannan ta sararin arewa ce.

Yaya Binta: Garba, ashe a nan kake tallar bindigar Baba ban sani ba. Ni ba ruwana da tsufanta. 'Ya'yanka uku a ɗakin nan suke ɓuya in ana wasa. Harsasan suna ina?

Garba Agege: Suna cikin gwangwanin madara a akwatinsa, Yaya, da kwaɗo. Ku ba ni minti goma, Baba ya idar da la'asar.

Garba Agege: To jama'a. Na karanta masa duka. Ya ce in miƙo ta. Ba ya gani, amma hannunsa bai manta ba, da lalube ya buɗe, ya zura ɗan yatsa, ya zare sakatar ya ajiye a kan darduma. Ya ce in gaya muku makullin kariyarta ba kamar na sauran ba ne, baya ake ja in za a harba, mutane da yawa sun ruɗe a kansa. Ya riƙe min ita na leƙa ta taga. Daga baya har kusan ƙarshe haske take, zanen a fili. Amma wajen baki, kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, ya yi duhu da ja-ja. Harsasan kuma biyar sun yi kore.

Nura Idi-Araba: Na faɗa! A baki, inda ya fi muhimmanci.

Baba Sajan: Gaɓa biyu a shekara 11 cikin bargon Legas? Kawo taka ta kwali mu naɗe ta mu gani. Wata tsatsar ma a sama take, sai an goge ake sanin zurfinta. Korayen harsasan dai kada wanda ya gwada su, a miƙa su tare.

Garba Agege: Maganar fenti kuwa ya kashe ta. Ya shafa ƙwarzanen ƙotar ya ce dutsen Shere ne ya yi mata shi ranar da ya zame, wanda ya goge bai yafe ba. Barista, Litinin da safe in Allah ya kai mu, ka raka mu Ikeja.

Barista Hadi: Ƙarfe tara. Ku zo da tsohon lasisin da katin shaidarsa.

Yaya Binta: Bargon kuma na gararata ne, tun 2014 nake nemansa. A wanke a aiko min.