SL500 na durƙusawa ta gaban hagu in ta kwana, ga jan rubutun ABC a kan gargada

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, masana. Mercedes ce SL500 ƙirar 2004, wato samfurin R230, mai tsarin ABC (tsarin da ke ɗauke da mota a kan ƙafafunta da matsin mai). Matsala biyu gare ta. In aka ajiye ta da yamma tana tsaye daidai, kafin gari ya waye gaban hagu ya durƙusa. Na auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madugadi, wajen santimita 4 yake sauka, sauran ƙafafun uku ba su motsi. Da an tayar da inji sai ta miƙe. Ta biyu, in ta taka rami ko tudun rage gudu, jan rubutun ABC kan fito a dashbod ya ɗauke bayan daƙiƙa biyu ko uku. Babu ɗigon mai a ƙasa. An ba da shawarar a canza shokozoba biyu na gaba da famfo. Kafin a zuba wannan kuɗin, me ya kamata a fara dubawa?

Bakaniken Marsandi:

Wa alaikumus salam. Alhaji, a dakata da sayen shokozoba tukuna. Alamun da ka faɗa ba nasu ba ne.

Ita wannan motar ba iska ke ɗauke da ita ba, mai ne. A kowace ƙafa akwai sifirin na ƙarfe da shokozoba, a samansu kuma akwai silinda da ake tura wa mai. In mai ya shiga, ƙafar ta ɗaga; in ya fita, ta sauka. Famfon da fanbel ke juyawa yana haɗa matsin da ya kai kusan bar 200 (bar ma'aunin matsi ne), kuma a ƙirar 2004 jikinsa ɗaya da famfon sitiyari, sai dai kowanne da tankinsa. Daga nan man yana bi ta akwatin bawul guda biyu, na gaba da na baya. Kowane akwati na da bawul huɗu, biyu ga kowace ƙafa: ɗaya mai sarrafa shiga da fitar mai, ɗaya mai kulle shi in an kashe inji.

To mota ba ta sauka sai man da ke cikin silinda ya tafi wani wuri, kuma hanya biyu ce kawai. Ko ya fita waje, ka ga jikin shokozoba ya jiƙe sharkaf ko tiyo na tsatsafo, tanki kuma yana raguwa. Ko ya koma baya ta bawul ɗin kullewa wanda bai rufu da kyau ba. Tunda ƙasa a bushe take, hankalina ya fi kwanciya da na biyun. Ɗan dattin da ido ba ya gani ya isa ya hana bawul zama, haka ma zoben roba da ya bushe ya tsage.

Ga yadda za ka tabbatar ba tare da ka kwance komai ba. Ka kashe inji, ka jira kamar minti goma, ka zaro sandar awon man ABC ka riƙe inda ya tsaya. Sandar na da alama biyu: ta sama ta inji a kashe ce, ta ƙasa ta inji na aiki. Da safe, kafin a taɓa makulli, ka sake dubawa. In mota ta durƙusa kuma mai ya ɗan ƙaru a tanki, yoyon na ciki ne, akwatin bawul na gaba ne. Yana ɓoye a mazaunin tayar gaba ta hagu, bayan robar da ta rufe wurin. Ana iya kwance shi, a wanke, a sa sababbin zobban roba, ba dole sai sabo ba.

Ka ɗiga man a kan farar takarda. Lafiyayye kore ne garau. In ya koma ruwan ƙasa ko baƙi, shi ya cinye bawul ɗin.

Mai wayarin mota:

Maganar Oga haka take. Abin da zan ƙara ta ɓangaren lantarki ne, don kada a ɗora wa sensa laifin da ba nata ba. Kowace ƙafa na da sensar tsayi, wani ɗan siririn hannu ya haɗa ta da ƙarfen ƙafa. In hannun ya karye ko ya lanƙwashe, ko soket ya yi tsatsa, motar za ta tsaya a karkace ne alhali inji na aiki, domin kwamfuta na bin ƙaryar da sensa ke faɗa mata. Taka kuwa tana miƙewa daidai da an tayar, sai an kashe take sauka. Wannan aikin mai ne.

Duk da haka a duba batir. R230 batir biyu gare ta, na tayar da inji a gaba, na sauran kayan lantarki a but. In na but ya yi rauni, rubuce-rubucen gargaɗi kan yi ta fitowa ba gaira ba dalili. A kuma nemi kwamfutar Star ta Mercedes, don yawancin ƙananan na'urorin da ake soka wa mota ba su shiga kwamfutar ABC. A kalli matsi yayin da inji ke aiki. Ya kamata ya hau cikin daƙiƙoƙi ya zauna tsakanin 180 da 200. In ya hau ya zauna, famfo na da sauran rai.

Mai tambaya:

Allah Ya saka da alheri. An duba. Man baƙi ne, kuma ya ƙaru da safe. Akwai ma alamar ya taɓa ambaliya ta bakin sandar awo, gefen tankin duk danshi. Matsi na zama a 190 in mota na tsaye. Lambar matsalar da kwamfuta ta nuna ita ce C1526. Wani ya ce a huta kawai, a cire tsarin gaba ɗaya a sa shokozoba na gama-gari.

Mai gyaran ƙafar mota:

Malam, wannan ambaliyar ta ba ka amsar jan rubutun. A tsarin akwai ƙwallayen ƙarfe masu ajiyar matsi. Cikin kowanne akwai fatar roba, gefe ɗaya iskar naitirojin, gefe ɗaya mai. Famfo shi kaɗai ba zai iya biyan buƙatar mai ta farat ɗaya ba lokacin da taya ta faɗa rami, ƙwallon ne ke cike giɓin. In fatar ta fashe, ajiya ta ƙare: matsi ya faɗi na ɗan lokaci, jan rubutu ya fito, famfo ya cim masa, rubutu ya ɗauke. Iskar da ta tsere cikin mai kuma ita ke tunkuɗo shi ta bakin tanki. C1526 matsalar samar da matsi take nufi, shi ya sa ake saurin yanke wa famfo hukunci, amma famfon da ke riƙe 190 ba shi ne abin zargi na farko ba.

A motarka ƙwallayen guda huɗu ne: na gaba, na baya, na layin komawar mai, da ƙaramin da ke kwantar da bugun famfo. Shi ƙaramin in ya mutu za ka ji gurnani wajen juyi 2,000 na inji. Mota ta wuce shekara 20, in ba a taɓa canza su ba a canza duka lokaci ɗaya, kuma sababbi. Ɗan kwatano a nan asarar kuɗi ne, don robarsa ta tsufa kamar taka.

Sai wanke tsarin. A tanadi lita 10 na man Pentosin CHF 11S da sabuwar filta mai maikiron 3 (ma'aunin ƙanƙantar ramukan filta). A cire tiyon komawa daga murfin tanki a sa shi a bokiti, mutum ɗaya na ɗaga mota yana sauke ta da maɓallin tsayi, ɗaya na zuba sabon mai, har abin da ke fita ya koma kore. Kada tanki ya ƙafe ko na daƙiƙa ɗaya, famfon nan in ya sha iska yana iya lalacewa. A goge bakin tanki tas kafin a buɗe, kuma kada a yi aikin a fili ana ƙurar hunturu. Jan man giya ko man sitiyari na gama-gari kada ya kusanci tankin nan. Bayan an gama a sa kwamfutar Star ta yi mata gwajin rodiyo, wanda ke karkaɗa motar ƙafa bayan ƙafa, ya kori iska, ya kuma nuna ko matsi na riƙewa. In ya zube zuwa wajen 100 bai farfaɗo ba duk da sababbin ƙwallaye, a lokacin ne za a yi maganar famfo.

Batun cire tsarin, ni ban goyi baya ba a halin da motar take. SL mai ABC ba ta zo da sandar hana tangaɗi ba, man ne ke riƙe ta a kwana. Duk wanda ya sa shokozoba na gama-gari dole ya ƙara sandunan nan gaba da baya, ya warware batun famfon da ke haɗe da sitiyari, ya kuma kashe gargaɗin a kwamfuta. In ba a sa sandunan ba, motar za ta riƙa kwanciya a kwana, kuma haɗari ne.

Bakaniken Marsandi:

Abu biyu kafin a sa sufana. Kashe inji ba ya sauke matsin da ke tsakanin bawul da shokozoba, nauyin mota na kansa. A ɗaga ta har tayoyi su yi lilo, a ɗora ta a kan turakun ƙarfe, a jira, sannan a sassauta notin fitar da mai a hankali da tsumma a kai. Kada kowa ya shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai.

Kuma in an taɓa sensar tsayi ko hannunta, sai an sake saita tsayi da kwamfuta, a kan daɓe mai daidai, iskar tayoyi huɗu cif yadda aka rubuta a murfin tankin fetur. Bayan an haɗa komai, a auna ƙafafun huɗu da yamma a rubuta, a sake aunawa da safe, kwana uku a jere.