Royal decree da Hausa: umarnin sarki ko dokar sarki?

Jama'a ku taya ni, jiya da daddare a teburin mai shayi nan Bauchi Road muka kusa raba gari da wani yayana kan kalma ɗaya tal, sanyin Jos na kaɗa mu muna ta musu har shayin ya huce. Labarin Saudiyya nake fassarawa sai na ci karo da royal decree, na rubuta "umarnin sarki" kamar yadda kowa ke yi, shi kuma ya ce wai na rage wa abin nauyi.

Hujjarsa ita ce umarni ai ko ɗanka ka aika kanti umarni ka ba shi, ana cikawa ya wuce. Wannan kuwa zama yake yi ya haifi hukuma. A 1992 Sarki Fahad da irin wannan takarda ya kafa tsarin mulkin ƙasar da majalisar shura, a 2006 Sarki Abdallah ya kafa majalisar mubaya'a mai duba wanda zai gaji sarauta, a 2013 ya saka mata 30 a shura, a shekarar ma aka mayar da hutun mako Juma'a da Asabar. Izinin tuƙin mota ga mata da Sarki Salman ya bayar a 2017 duk ta wannan hanya ya fito. Ya ce to ƙanina wannan ne aike kanti?

Wani dattijo a gefe ya ce a ce "dikiri" mana. Na ce Baba a yi haƙuri, dikiri a kunnen ɗan Najeriya warin kaki yake yi, kana faɗa sai a tuna doka ta 4 ta 1984 da ta kai 'yan jarida gidan yari. "Shela" da "yekuwa" ma an kawo, amma su aikin sankira ne, sanarwar ce ba dokar ba.

Inda abin ya ƙara cakuɗewa, su Larabawan kansu kalma biyu gare su. Amr malaki shi ne wanda sarki ya yanke da kansa ba sai ya bi ta majalisa ba, marsum malaki kuma wanda ya bi ta majalisar ministoci ko shura sannan sarki ya sa hannu, yawanci dokoki da yarjejeniyoyi da ƙasashen waje. Kuma abin dariyar, tsarin mulkin 1992 ɗin da yaya ke kafa hujja da shi amr ne, wato dai umarni ne zalla. Da na faɗa masa sai ya ce a ƙaro masa burodi.

Ni dai inda na tsaya: in labarin bai bambance ba a ce "dokar sarki", domin ita ce za ta ɗauki dahir na Maroko da marsum sultani na Oman, har da wadda Sarki Sobhuza ya soke jam'iyyun siyasa da ita a Swaziland a 1973. In Larabcin ya ce amr ƙarara, naɗi ko tsigewa misali, sai a ce "umarnin sarki". Wata 'yar uwa ta turo min "dokar hatimi", wallahi ta yi min daɗi a baki, sai dai in aka karanta a rediyo rabin Angwan Rogo za su ɗauka maganar rubutun sha ake yi.

Yaya har yanzu bai sallama ba, wai shi "dokar fada" yake so. Masu fassara a cikinku, me kuke rubutawa?