Neman shawara: ina so harkar abinci mai gina jiki ta zama sana'ata, ta ina zan fara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na gama sakandare da sakamako mai kyau, ban da kemistiri da na samu D7. Ina haɗa garin kunun yara ina sayarwa a unguwa, har mata sun fara tambayata abin da mai ciwon suga ko hawan jini zai ci. Makaranta zan koma, ko kwas ɗin intanet na wata uku ya isa?

Malamin kwalejin kimiyya: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, fara da gyara kemistirin nan, ki sake zana NECO ko WAEC. Ana neman kiredit 5: Turanci, lissafi, kemistiri, bayoloji da fiziks. A JAMB kuwa Turanci, kemistiri, bayoloji, na huɗun lissafi ko fiziks, gwargwadon abin da makarantar ta gindaya. Sunan kwas ɗin a fom Nutrition and Dietetics. Ana yin sa a Jami'ar Bayero ta Kano, da jami'o'in Ibadan da Nsukka da ta aikin gona ta Abeokuta. In difloma kike so akwai Kaduna Polytechnic: ƙaramar difloma (ND) shekara 2, shekara 1 ta koyon aiki, sannan babbar difloma (HND) shekara 2. Ba don a wahalar da ke ake nacewa kan kemistiri ba. Rabin karatun a kan yadda jiki ke sarrafa sitaci da mai da furotin yake, wanda bai riƙe tushen ba a aji biyu yake durƙushewa.

Ma'aikaciyar sashen abinci a asibiti: Kwas ɗin wata uku zai ƙara miki sani, amma ba zai ba ki hurumin tsara wa marar lafiya abinci ba. Wannan sai bayan digiri da shekara 1 ta horo a asibitin koyarwa. Don Allah ki dakatar da amsa wa masu suga da hawan jini yanzu. Mai shan allurar insulin in aka ce ya bar tuwo dare ɗaya ba a rage allurar ba, sugarsa na iya faɗuwa har ya suma. Mai hawan jinin da ƙodarsa ta taɓu, ayaba da lemo da zogalen da muke yabo na iya tara masa sinadarin fotasiyam a jini, ya hargitsa bugun zuciya. Ba a gane wannan da ido, sai da takardar gwajin jini. Tuwon alkama da na acca ma da ake cewa mai suga ya ci son ransa, sitaci ne, malmala nawa aka ci shi ne magana.

Jami'in kula da tamowa: 'Yar'uwa, ki sani aikin ba a asibitin koyarwa kaɗai yake ba. A Arewa ƙofa mafi faɗi ita ce yaƙi da tamowa a ƙananan asibitoci da ƙungiyoyin agaji irin su UNICEF da MSF, kuma ana karɓar 'yan sa-kai tun kafin takarda. Ki je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ranar awon yara ki nemi a koya miki. Ana auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da tef mai launi: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga nan zuwa 12.5 rawaya, sama da haka kore. A danna bayan ƙafafu biyu na daƙiƙa 3, in rami ya zauna kumburin tamowa ne ko da tef ya nuna kore. Kuskuren sababbin hannu shi ne jan tef da ƙarfi, sai lafiyayyen yaro ya faɗa ja. Yaron da ke iya ci ana ba shi maganin gyaɗa, wato haɗin gyaɗa da madara na musamman don masu tamowa, ƙunshi ɗaya giram 92, kalori 500. Wanda ya ƙi ci ko yake da wata cuta kwantar da shi ake, a fara da madarar asibiti ta musamman mai suna F-75 kaɗan-kaɗan, domin ɗura wa jikin da ya ƙanjame abinci mai nauyi farat ɗaya yana kisa. Wanda ya iya wannan da cike rajista daidai, shi ake fara kira in guraben aiki sun fito.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To garin kunun fa, Anti, in daina?

Ma'aikaciyar sashen abinci a asibiti: A'a, ki ci gaba, shi zai biya miki kuɗin jarrabawa. Ki dai riƙe awo: gero ko dawa 6, waken suya 3, gyaɗa 1. Waken a soya shi ya nuna sosai a surfe ɓawon, ɗanyensa yana hana jiki amfana da furotin, yana kumbura ciki. Gyaɗa a tsince ta ɗaya-ɗaya, duk mai fumfuna ko ɗaci a zubar, dafinta yana lalata hanta kuma suya ba ta kashe shi. Garin ya huce kafin a ƙulla, in ba haka ba gumi ya sa ya yi tsami. Kada a bai wa jaririn da bai kai wata 6 ba, nono zalla ne abincinsa, kuma kada ki tallata shi da sunan maganin tamowa. In za ki kai shi kantuna, sai kin yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kin samu lambar NAFDAC.