Pub da inn na ƙauyen Ingila: wace kalma za mu ba su?

Jama'a, masu fassara labaran Birtaniya da ɗalibanmu da ke karatu a can suna yawan cin karo da kalmomi biyu, "pub" da "inn", kuma kusan kullum "gidan giya" ake maka wa duka biyun a wuce. Ni dai wannan fassarar ba ta kwanta min ba. Wasu 'yan'uwa sun riga sun faɗi ra'ayinsu a kan kalmar da ta dace. Ga abin da nake gani, inda na kauce ku gyara.

Mu fara da mai sauƙin. Inn tun asali wurin saukar matafiyi ne. Kafin zuwan jirgin ƙasa, keken doki ne ke jigilar fasinja da wasiƙu daga Landan zuwa garuruwa irin su York da Bath, kuma dawakai ba sa iya jan tafiyar a tashi ɗaya. Duk bayan mil 10 zuwa 15 sai a tsaya a sake wasu. Gidan da ake tsayawar yana da ƙofa mai tsawo wadda keken zai shige da lodinsa, da fili a tsakiya, bargar dawaki a baya, ɗakunan kwana a sama. Wanda ya je Southwark a Landan zai ga George Inn, har yau barandarsa ta katako na kallon tsakar gida. Jirgin ƙasa ne ya karya wannan kasuwa a shekarun 1830 da 1840.

To wannan ai zango ne. Inda ayari ke sauke kaya, a shayar da dabbobi, fatake su kwana, da asuba madugu ya ce a ɗaura. Kuma a Hausa zango na nufin wurin tsayawar, yana kuma nufin tazarar da ke tsakanin tsayawa biyu, kamar yadda muke cewa "saura zango guda". Tsarin keken dokin Ingila ke nan daidai. Ɗan'uwanmu na Kumasi ya ce a wurinsu zango unguwa ce, mai karatu zai rikice. Gaskiyarka, Yaya, amma unguwar ma daga masaukin fatake ta samo sunan, kuma jimla ita ke nuna wanda ake nufi. Don haka in labarin na zamanin da ne, a ce zango. In na yau ne, inda mutum ya kama ɗaki ya kwana biyu yana yawon buɗe ido, a ce masauki. "Otal" ya yi masa girma.

Pub ce mai wuyar. An gajarta ta ne daga "public house", wato gidan da ƙofarsa ke buɗe ga kowa. Ta faro daga gidajen da mata ke dafa giyar sha'ir suna sayar wa maƙwabta. A 1393 Sarki Richard na Biyu ya wajabta wa masu sayarwa su rataya alama a ƙofa, kuma da yake yawancin mutane ba su iya karatu ba, hoto ake zanawa. Wannan al'ada ce ta haifi sunaye irin su Red Lion, jan zaki, da Royal Oak, itacen da Charles na Biyu ya ɓuya a kansa a 1651 bayan an ci shi da yaƙi a Worcester. A 1552 aka wajabta wa masu sayarwa karɓar lasin daga alƙalan yanki.

Giya ake sayarwa, ba wanda ke musun haka. Amma ku dubi inda gidan yake da abin da ake yi a ciki. A ƙauyen Ingila yawanci a tsakiyar gari yake, kusa da coci da filin gari. Ka shiga, rufin ƙasa-ƙasa, wuta na ci a murhu, kare na kwance ƙarƙashin tebur. Ba mai zuwa ya tambaye ka me za ka sha. Kai za ka je kanta ka faɗa, ka biya nan take. Ranar Lahadi iyali kan zo har da yara da kakanni su ci gasasshen nama da dankali. Akwai daren kacici-kacici, akwai wasan jifan allo da ƙananan kibau, 'yan kurket na ƙauyen nan suke tattaruwa bayan wasa. A ƙarni na 19 har zaman binciken musabbabin mutuwa a irin waɗannan gidaje ake yi, don sau da yawa babu wani babban ɗaki a kusa. In kuna son kwatance, teburin mai shayi ne da aka yi wa gini da rufi: wurin da ake jin wa ya haihu, wa ya sayar da gona.

Shi ya sa in za a rufe shi gari ke tashi tsaye. A Hesket Newmarket da ke Cumbria, mutum sama da 100 suka haɗa kuɗi a 2003 suka sayi pub ɗin ƙauyen mai suna Old Crown don kada ta fita daga hannun mutanen garin. Wata doka ta 2011 kuma ta ba jama'a damar sa irin wannan gida cikin rajistar kadarorin da al'umma ke amfana da su, ta yadda in mai shi zai sayar sai an ba su lokaci su nemo kuɗi. Ka rubuta wa Bahaushe cewa "mutanen gari sun yi karo-karo sun ceto gidan giya", hoton da zai zo masa daban ne: lungu a bayan gari, wurin da mai mutunci ba ya son a gan shi. Labarin ya riga ya karkace.

Wata 'yar'uwa ta ce a fassara pub da "majalisa", wani malami ya ce "dandali". Allah ya gafarta Malam, a nan ne ba zan bi ba. Kalmomin sun kama hirar amma sun ɓoye giyar, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaronmu Musulmi ya sauka Ingila, abokan karatu su ce a haɗu a pub da yamma. Haƙƙinsa ne ya san me ake sha a wurin tun kafin ya taka ƙofar, sannan ya yanke wa kansa hukunci. Fassarar da ta wanke wurin fes ta cuce shi, kamar yadda wadda ta baƙanta shi ta cuci mutanen ƙauyen.

Abin da na tsaya a kai shi ne "mashayar gari". Mashaya kowa ya san me ake sha a cikinta, kafofin labaranmu sun daɗe suna amfani da ita. "Gari" kuma ya ɗauko ta daga lungu ya ajiye ta a sarari, kamar yadda muke cewa kasuwar gari ko rijiyar gari, abin da kowa ke da rabo a ciki. In a birni ne, sai a ce "mashayar unguwa". Inda gida ɗaya ya haɗa biyun, sha a ƙasa kwana a sama, irin Tan Hill da ke kan tsaunukan Yorkshire, "masauki mai mashaya" ya wadatar.

Saura mai riƙe da gidan, wanda sau da yawa a saman benen yake zaune da iyalinsa, shi ne kuma ke kaɗa ƙararrawa in lokacin rufewa ya gabato. Na zango dai muna da "fatoma" da "maigida" tun zamanin fataucin goro. Na mashayar gari ni "mai mashaya" nake rubutawa. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, me kuke ce masa a wajenku?