Wa ya ga sun ture dutsen? Gardamar da ta hana zauren Zango barci

Zauren WhatsApp ne na mutanen unguwar Zango a Damagaram. Don sanarwar suna da rasuwa da zuwan ruwan pampo aka buɗe shi, amma a wannan dare Alhaji Sani ya jefo wata magana bayan isha'i.

Alhaji Sani: Salamu alaikum jama'a. Yau a kasuwar Dole yaron shagona ya nuna mani bidiyo, wai Amurka ta harba na'ura ta doki dutse a sararin samaniya har ya sauya tafiya, wai gwaji suke saboda ranar da wani zai taso wa duniya. Ni dai na ce tatsuniya ce. Wa ya je ya gani? Ko da ma gaskiya ne, abin da Allah ya sako daga sama wa zai tare shi? Hanyar cin kuɗi ce kawai.

Ɗan Tanut: Alhaji, ka zuba hatsi iri uku a buhu ɗaya. Ƙarya ce, ko ba ta yiwuwa, ko kuɗi ake ci? Ware mana ɗaya mu auna.

Mushe Lawali: Wa alaikumus salam. Alhaji, abin ya faru, kuma ba yau ba ne. Sunan na'urar DART, NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta harba ta a Nuwamban 2021, ta yi wata goma tana tafiya, ranar 26 ga Satumba 2022 ta afka wa wani dutse mai suna Dimorphos. Faɗinsa kamar mita 160 ne, yana kewaya wani babba mai suna Didymos, kuma babu wanda ke barazana ga duniya a cikinsu, shi ya sa aka zaɓe su. Kafin dukan, ƙaramin yana gama kewaye ɗaya cikin awa 11 da minti 55. Bayan dukan ya koma awa 11 da minti 23.

Alhaji Sani: Mushe, su suka harba, su suka auna, su suka ba da labari. Mai kaya ba ya kushe kayansa.

Mushe Lawali: Nan ne dabarar take. Duk lokacin da ƙaramin ya gitta ta gaban babban ko ya shiga inuwarsa, hasken da ke iso mana yana ɗan raguwa. Wanda duk ke da madubin hangen taurari mai ƙarfi da agogo zai iya ƙirga tsakanin raguwa da raguwa. An auna daga Cile, an auna daga Afirka ta Kudu. Da ƙarya ce, Rasha da Sin ba za su rufa masu asiri ba. Turai ma ta harba nata kumbon, Hera, a Oktoban 2024 don ya je ya duba tabon da aka bari.

Alhaji Sani: To na ji. Minti 32 ke nan. Motar Ɗan Tanut tana makara da awa biyar a hanyar Agadas ba a kashe ko dala ba.

Ɗan Tanut: Alhaji, ni me na yi maka? Hanya ce ta mutu, ba mota ba.

Mushe Lawali: Minti 32 ɗin shaida ce kawai cewa turi yana aiki. Ga abin da ya kamata mu riƙe. Duniya ba a tsaye take tana jiran a jefe ta ba, gudu take a kan hanyarta, kusan kilomita 30 a kowane sakan. Faɗinta kilomita 12,700 da 'yan kai, ke nan cikin kamar minti bakwai ta bar gurbin da take. Karo ba ya faruwa sai ita da dutsen sun iso mararraba a lokaci ɗaya. Idan ka sa dutsen ya makara ko ya yi sammako da 'yan mintoci, sai ya tarar da wuri wayam. Ba fasa shi ake so a yi ba, fasawa ma tana iya mai da dutse ɗaya ya zama goma. Ɗan taɓi ake so, amma tun da sauran shekaru. Sauyin gudun da DART ta jawo bai kai milimita 3 a sakan ba, tururuwa ta fi shi sauri. Sai dai abin da yake taruwa shekara goma ba ƙarami ba ne.

Ɗan Tanut: Wannan kam na gane shi fiye da kowa. A saharar Tenere idan madugu ya karkace da ɗan taki ɗaya da hantsi, kafin kwana uku ya wuce rijiya bai ko hango ta ba.

Malam Habu: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Alhaji, ƙanena, rabin maganarka ta biyu ce ta taso ni. Gaskiya ne abin da Allah ya hukunta babu mai tare shi. Amma wa ya gaya maka wane ne ya hukunta? Lokacin da Sayyidina Umar ya doshi Sham aka ce masa annoba ta ɓarke, sai ya juya da jama'a. Aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Kai da kanka kana yaɓe soronka kafin damina, ba ka ce ruwa daga sama yake zuwa a bar shi ba. Kai kuma Mushe, ka ja kunnen yaranka a lakwal kan wannan kalma ta kare duniya. Kauda dutse sababi ne kamar gina madatsa. Ranar da Sa'a za ta tsaya ba ta cikin lissafin NASA.

Mushe Lawali: Na karɓa, Malam. Allah ya ƙara sani.

Hajiya Mariama: Ku gafarce ni, ni gardamata ba ta ƙarya ko gaskiya ba ce. Nawa aka kashe?

Mushe Lawali: Wajen dalar Amurka miliyan 325, Hajiya. A kuɗinmu ya doshi sefa miliyar 200.

Hajiya Mariama: Miliyar 200! Yau kwana huɗu pamponmu ko tari bai yi ba, 'yan garuwa sun zama sarakuna. Abin da ya faɗo mana daga sama ya yi mana ɓarna mun san shi, ruwa ne. A Satumban 2024 muna ji muna gani tsohon masallacin Birni, wanda ya haura shekara 170 a tsaye, ya zube. Kowace damina ina ganin yaran da zazzaɓin sauro ke kawowa asibiti a sanƙare. A cikin zauren nan wa ya taɓa zuwa jana'izar wanda dutsen sama ya kashe?

Nafisa: Inna, babu, kuma maganarki tana da nauyi. Amma ki ba ni dama. Ranar 15 ga Fabrairu 2013 wani dutse da bai wuce mita 20 ba ya fashe a saman birnin Celyabinsk a Rasha. Mutum kusan 1,500 suka je asibiti, kuma ba dutsen ne ya same su ba. Haske suka gani suka ruga tagogi kallo, bayan ɗan lokaci ƙarar ta iso ta watsa masu gilashi a fuska. Babu wanda ya hango shi saboda ta ɓangaren rana ya ɓullo. Da an samu ko awa biyu aka ce kowa ya nisanci taga, da yawancinsu ba su ji ciwo ba. Na 1908 a Tunguska, shi ma a Rasha, ya kwantar da daji sama da murabba'in kilomita 2,000, sa'a dai ba gari ba ne a wurin.

Alhaji Sani: 'Yata, duk Rasha kike kira. Can ya saba faɗawa, su ji da shi.

Nafisa: Baba Alhaji, ƙasar Katsina fa? A Oktoban 1962 dutse mai kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami yana cikin gonarsa, daga baya aka gano ɓallin duniyar Mars ne. A Oktoban 2008 an hango wani ƙarami saura ƙasa da kwana ɗaya ya iso, aka ce a arewacin Sudan zai faɗi, can kuwa ya faɗi, ɗaliban jami'ar Khartum suka bi sahara suka tsinto gutsattsarinsa. Na kusa-kusan nan shi ne 2024 YR4, mai kamar mita 60. A Fabrairun 2025 lissafi ya kai kashi 3.1 cikin ɗari cewa zai iya faɗo mana ranar 22 ga Disamba 2032, kuma layin da aka zana na inda zai iya sauka ya ratsa Afirka, ta kan Najeriya. Da aka ƙara aunawa sai aka ga zai wuce.

Alhaji Sani: Ka ji ko! Sun tsorata mutane sannan suka ce a'a. Duniya nawa take a cikin wannan sarari? Kamar a jefa tsakuwa daga Mirya a ce za ta faɗa cikin kofin shayina.

Ɗan Tanut: Alhaji, itacen Tenere shi kaɗai ne tsaye a cikin ɗaruruwan kilomita na rairayi. A 1973 mota ta zo ta banke shi. Gangar jikinsa tana gidan tarihi a Yamai, ka je ka tambaye shi zancen faɗin sarari.

Mushe Lawali: Sauya magana da suka yi ba abin kunya ba ne, Alhaji, haka awo yake. Da farko ka san hanyar dutsen sama-sama, duniya tana cikin faɗin shakkarka. Kana ƙara kallo shakkar tana tsukewa har duniya ta fita daga ciki. Hajiya kuma, ba zan yi maki gardama ba. Da a ce baitulmalin Nijar za a taɓa, ni ne na farko da zan ce a kai kuɗin ga ruwa da gidan sauro. Manyan duwatsun da suka kai kilomita ɗaya an gano sama da kashi 90 cikin ɗari, babu wanda ya nufo mu a ƙarnin nan. Masu mita 140 zuwa sama ne ba a kai ga gano rabinsu ba, kuma ɗaya ya isa ya shafe gari da ƙauyukansa. Masu kuɗin su nema, ba daga randarmu suke ɗiba ba.

Hajiya Mariama: Ba daga randarmu ba? Dutsen Mars da aka tsinta a jihar Agadas a 2023, mai kusan kilo 25, ba a New York aka yi gwanjonsa a Yulin 2025 sama da dala miliyan 5 ba? Sai da gwamnati ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Idan dutse ya faɗo da daraja nasu ne. Ina son in san idan ya taso da bala'i na wa zai zama.

Nafisa: Inna ta taɓo abin da ke damuna, kuma Mushe ka gyara mani in na yi kuskure. Idan dutse zai faɗi a wani wuri aka fara tura shi, wurin faɗuwar ba ya ɓacewa nan take. Matsawa yake a kan wancan layi, ƙasa bayan ƙasa, har ya fita daga gefen duniya. Ke nan sai an zaɓa, gabas za a tura ko yamma. Idan turin ya tsaya a rabi, ya sauka kan mutanen da da farko ba su cikin lissafi. Wa zai zaɓa?

Mushe Lawali: Ba ki yi kuskure ba, kuma ba ni da amsar da za ta kwantar maki da hankali. Akwai ƙungiyoyi biyu da aka kafa da amincewar Majalisar Ɗinkin Duniya, IAWN mai ba da gargaɗi da SMPAG mai tsara abin da za a harba, amma shawara suke bayarwa. Mai roka shi ke da hannu a kan akala. Abin da ƙasa irin tamu za ta iya shi ne ta samu masu karanta lissafin da kansu. Senegal ta fara, masaninsu Maram Kaire ya jagoranci aikin hange tare da NASA a ƙasarsu, har aka sa wa wani dutse sunansa a 2021. Sararin samanmu a lokacin da babu hazo ba ya da na biyu, madubi ne babu.

Alhaji Sani: To kun dawo kan maganata ta wata ƙofa. Na ce ba su iyawa, kun ce suna iyawa. Yanzu kuma kun ce in sun iya, mu ne za mu kwana da ido ɗaya. Da ƙaryar ma ta fi mani sauƙi.

Malam Habu: Wannan tambaya ta Nafisa ta fiƙihu ce. Ba a kauda cuta da cuta irinta, kuma ba ka da ikon karkata ruwan gidanka zuwa na maƙwabci. Sai na yi nazari kafin in ƙara magana.

Ɗan Tanut: Mushe, kafin a watse. Kakata ta bar gatarin aradu a cikin adudu, baƙi sumul, ta ce tsawa ce ta sako shi. Nawa za su saya a New York?

Mushe Lawali: Ka riƙe abinka. Wannan mutanen da ne suka wasa shi da hannu, gatarinsu ne kafin ƙarfe. Alhaji, kai da ka ce wa ya gani, ajiye wannan rana, Juma'a 13 ga Afrilu 2029. Dutse mai suna Apophis, kamar mita 340, zai gitta a nisan kilomita 32,000, ƙasa da taurarin ɗan Adam da ke kawo mana tashoshin talabijin. An auna, ba zai taɓa mu ba. Daga Afirka za a gan shi da ido bayan isha'i, ɗan haske yana tafiya a hankali tsakanin taurari. In muna da rai mu hau duwatsun Birni.

Alhaji Sani: Allah ya kai mu. Shayi da sukari a wuyana. In na gan shi na yarda akwai dutse. Zancen turi kuma da sauran magana, sai kun gaya mani ta kan wa za a bi da shi.

Hajiya Mariama: Jama'a ruwa ya zo layinmu, siriri ne. Nafisa ajiye wayar nan ki fito da jarkoki.